Haƙorin Yaya Bara'atu

Sahabi wanzami ya ɗaga haɓar yayarsa ya karkata ta wajen haske. Ranar kasuwar Batsari ce, mutum uku na zaune a benci suna jiran aski, amma Bara'atu daga Tsaskiya ta taso a kan babur, ba a sa ta layi.

"Buɗe sosai, Yaya."

Wata huɗu ke nan da ya cire mata haƙorin turmi na ƙasa a nan rumfar. Shekara ashirin yana cire haƙora, kuma ramin da ya bari bai taɓa wuce sati biyu bai rufe ba. Wannan kuwa yana nan a buɗe, dasashin ya janye, wani abu mai ruwan toka ya leƙo, ga wari. Ya ce a ransa guntun haƙori ne ya rage. Ya zaro awartaki daga zabira ya ɗan taɓa abin. Ba ta ko motsa ba.

"Ba ki ji zafi ba?"

"Leɓen ma ba na jin sa," in ji ta.

Ya mayar da awartakin, ya ba masu jira haƙuri, ya ɗauke ta zuwa asibiti.

Likitan, wani matashi mai suna Nu'uman, ya haska bakin da tocila, ya daɗe yana dubawa.

"Mama, akwai maganin da ake ba ki a wani wuri?"

Bara'atu ta kalli ƙanenta, ta kalli bango. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani kati da ya sha ninki. Sahabi ya san tana zuwa Katsina duk wata, an dai ce masa ciwon baya ne, shi kuma bai tona ba.

Likita ya karanta katin, ya yi bayani a hankali. Ciwon daji ne na nono, ya taɓa ƙashin baya. Ruwan da ake ƙara mata a Katsina shi ke riƙe ƙashin kada ya karye. Amma maganin yana da wani hali: in aka cire haƙori ana cikin shansa, wani lokaci ƙashin muƙamuƙi ba ya warkewa, sai ya mutu a wurin.

"Abin da kuke gani ba haƙori ba ne, ƙashi ne. Ba su gaya miki kada a cire haƙori sai an tambaye su ba?"

"Sun gaya mini."

"To, ba ki faɗa wa mai cirewar ba?"

Ai ba ta yadda za a yi mace ta zauna gaban ƙanenta a tsakiyar kasuwa ta ambaci ciwon da ke ƙirjinta. Shi kuma wanzami tambayarsa ɗaya ce tun zamanin kakansa: wanne ne ke ciwo?

"Wa ya cire?" in ji likita, yana rubutu.

"Wani ne a kasuwar Safana. Ban san shi ba," in ji Bara'atu.

"Ni ne," in ji Sahabi.

Likita ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da rubutu. Ya ce zai tura su Katsina. Za a ba ta maganin kurkure baki da ƙwayoyi, wataƙila a kankare inda ya mutu, wataƙila kuma a dakatar da ƙarin ruwan. Wanda ya mutu dai ba zai dawo ba. Tauna abu mai tauri kuwa, ta manta da ita.

Da suka fito, kunya da baƙin ciki suka hana Sahabi kallon ta. Ita ce ta fara magana.

"Kai ma da surutu. Wa ya tambaye ka?"

"Yaya, da kin ce mini ko da kalma ɗaya."

"Da na ce me?"

A bakin tasha ya tsaya wajen mai goro, kamar yadda ya saba duk ranar da ta zo, ya zaɓo mata fari manya guda biyar. Sai da ya miƙa mata ya tuna. Ta karɓa ta riƙe a hannu tana juya su.

Ya ce ta jira shi. Ya shiga layin maƙera, ya dawo da ɗan magogi na gwangwani, irin wanda ake saya wa tsofaffin da haƙoransu suka ƙare. Shekararta arba'in da shida.

Ta duba shi ciki da baya, ta gwada kaifinsa da ɗan yatsa, ta ƙulle shi a bakin mayafi tare da katin.