Tsamiyar Maigandi

Tsoho Maigandi ya taso daga Gulma, bayansa na ciwo saboda dashen shinkafa. A Birnin Kebbi ya hau keke napep zuwa Gwadangaji, gidan 'yarsa.

Ya yi ta kallon gidajen bulo jere a inda yake noman gero a da, kafin gari ya cinye gonar, shi kuma ya koma fadama.

"Tsamiyar Maigandi! Akwai mai sauka?" in ji direban.

Babu tsamiyar. Shagon cajin waya ne a gurbinta.

"Yaro, wane ne Maigandin ga?" tsohon ya tambaya.

"Wa ya sani, Baba? Wani manomi ne, an ce ya daɗe da rasuwa."

Maigandi ya lallaɓa ya sauka. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi."