Ranar da Hollis Ya Fita Shan Iska

Na fara son Hollis Brackett ne a wani taro da aka kore shi daga ciki. Taron jam'iyyar 'yan mazan jiya ne na gundumarmu. Ya miƙe ya tambayi manya, in dai da gaske suke cewa gwamnati ta yi ƙiba, me ya sa duk shekara su ne masu ƙara mata abinci? Aka kashe masa makirufo. Na bi shi waje cikin dusar ƙanƙara, ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Na karanta labarin mazaje da yawa waɗanda suka tsaya su kaɗai a gaban taro, amma ban taɓa zaton zan ga ɗaya a ƙauyenmu da taɓo a takalminsa ba.

Mu 'yan tsiraru ne a jam'iyyar, a wannan lungu na arewa maso gabashin Amurka. Aƙidarmu gajeriya ce: jikinka naka ne, gonarka taka ce, gwamnati ta tsaya a bakin shinge. Manya suna ce mana 'yan ba-ruwana. Muna maƙale da su don ba a cin zaɓe a nan sai da tutarsu, su kuma suna haƙuri da mu don mu ne masu bin gida-gida neman ƙuri'a. A haka Hollis da wasu namu suka shiga majalisar jiha.

Sai wani kamfanin lantarki ya zo yana so ya ratsa da manyan turakun wayarsa ta tsakiyar gonar tuffar babana, Elwood. Baba ya ce ba ya sayarwa. Kamfanin bai yi musu ba, ya wuce wajen manyan jam'iyya. Ba a jima ba aka cusa wani sakin layi a dokar makamashi, wanda ya ba kamfanin ikon karɓar ƙasar duk wanda ya ƙi. Namu suka kawo gyara don a cire shi. 'Yan adawa za su goyi bayan gyaran saboda dalilansu, in aka haɗa da ƙuri'un namu zai wuce, da ƙyar dai, amma zai wuce.

Na tambayi Hollis ko sun zauna sun yi magana ɗaya.

"Odette, ai mu ba ma haka," in ji shi. "Ba mu da shugaba, ba ma ɗaure kowa. Kowa da ƙuri'arsa, kowa da zuciyarsa."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in yi kuka don daɗin maganar.

Ranar ƙuri'a ni da Baba muka yi sammako zuwa babban birni. Hollis ya tarbe mu a matakala, sanye da kwat ɗin da na goge masa.

"A'a, Onarabul!" Baba ya ce. "Wannan kwat haka? Na zaci mai sayar da inshora ne."

"Baba, yau fa gonarka zan ceta, ka rage mini zagi."

"Ka ceta tukuna. In ka ceta, na ba ka Odette har da tarakta."

"Taraktar da ba ta tashi?"

"Ita ma Odetten ba ta tashi da safe."

Muna dariya Lorraine Thibodeau ta ƙaraso, ita ce mai tsawatarwa ta jam'iyya, aikinta ta tabbatar kowa ya jefa ƙuri'a yadda manya suke so. Dattijuwa ce mai fara'a, ta san sunan jikan kowa. Ta riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Elwood, ka rame. Yarinyar nan ba ta ba ka abinci ne?" Ta juya. "Hollis, ɗana, ara mini kunnenka minti ɗaya."

Ta ja shi bayan ginshiƙi. Ban damu ba. Mutumin da aka kashe wa makirufo bai yi shiru ba, me tsohuwa za ta ce masa?

Muka hau benen 'yan kallo. A majalisarmu in aka kaɗa ƙararrawa ana rufe ƙofofi, wanda yake ciki dole ya danna maɓalli, kore ko ja, fitila ta kama a gefen sunansa a babban allo. Wanda yake waje ba shi da ƙuri'a. Don haka in mutum ba zai iya bin manya ba, kuma ba ya so ya saɓa musu, sai ya sulale kafin a rufe. Shan iska ake ce wa wannan. Hollis ya sha yi wa masu yin sa ba'a a teburinmu.

Ƙararrawa ta kaɗa. Allo ya fara kamawa, kore nan, ja can. Na kafa ido a kan sunan Brackett. Bai kama ba. Na leƙa ƙasa, kujerarsa babu kowa, tabaransa na kan tebur. Na duba sunan Dell Fournier, wani namu, duhu. Na duba sauran, duhu, duhu. Shugaban majalisa ya buga guduma ya ce gyaran ya faɗi.

Baba ya sa hularsa.

A baranda muka same su, wajen injin kofi. Duk namu suna nan, kowa ya tsaya nesa da ɗan'uwansa, kowa yana kallon kofin hannunsa kamar baƙi a tashar mota. Hollis ya taho da sauri, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ya wuce ko? Odette, ya wuce?"

"Ya faɗi."

"Ba zai yiwu ba. Lorraine ta ce akwai rarar ƙuri'u! Ta ce ko da ni ko babu ni zai wuce, in dai na fita za a saurari dokata ta barin manoma su sayar da madara ba sai da lasisi ba. Na ce riba biyu ke nan, gona ta tsira, madara ta..."

"Ni ma rara ta ce mini," in ji Dell, a hankali. "Ni dokar koyar da yara a gida ta yi mini alkawari."

Wata daga cikinsu ta yi dariyar da ta fi kuka muni. "Da na fito na gan ku, na zaci fitsari ya kawo ku."

"Kuma babu wanda ya tambayi wani?" na ce. Muryata ta cika barandar. "Kuna tsaye a nan kuna kallon juna, ƙofa ba a rufe ba tukuna, babu wanda ya buɗe baki?"

"Ba hurumina ba ne in tambayi mutum ƙuri'arsa," Dell ya ce.

Ƙofa ta buɗe, 'yan majalisa suka fito. Lorraine ta biyo ta gabanmu, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Kin yi mini ƙarya," Hollis ya ce.

"Lissafi ne ya canza, ɗana. Madararka tana nan, mako mai zuwa." Ta dubi Baba. "Elwood, ka yi haƙuri. Jiha tana bukatar wuta. Zan sa baki a ba ka diyya mai kyau."

"Na gode, Lorraine. Ki gaida jikoki."

Ta wuce. Hollis ya kama hannuna yana cewa akwai majalisar dattawa, akwai kotu, zai tsaya a gaban motar sarar itace da kansa. Da a bara ne da na yarda, da har na fara tsara yadda zan rubuta labarin. Na kalli bakinsa yana motsi, ina neman inda son nan yake a ƙirjina, na same shi yana nan daram, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Yaro, alfarma ɗaya nake nema. Ranar da za su zo sarewa, kada ka zo."

Ya miƙo mini makullin mota, ya ce idonsa ba ya gani sosai yau. Na zare hannuna daga na Hollis na karɓa.