Horon Tsoho Gamel

Gidan sufayenmu na da gandu bakwai, namu na tumaki shi ne can ƙurya, tafiyar yini guda. Mu 'yan'uwa ne na aiki, masu gemu, ko baƙin rubutu ba mu sani ba. Masu karatu na can gida suna waƙar ibada, mu muna nan da kashin tumaki, kuma Allah ya sani ban taɓa ƙyashinsu ba.

Tsoho Gamel ya shekara talatin yana kiwo a tudun nan. Tsoronsa ɗaya ne, kar a ce ya tsufa a kai shi ɗakin jinya na gida, inda ba ya jin ko kukan ɗan rago.

Da kaka sabon ma'aji, Ɗan'uwa Serlo, mai kula da gandayen duka, ya zo zagaye. Ya ga fadama kore shar, tumaki kuwa na kan tudu suna gwaigwayar busasshiyar ciyawa.

"Baba Gamel, wannan wace irin mugunta ce? A sauko da su."

"Ɗan'uwa ma'aji, ciyawar fadama da kaka ruɓar da hanta take yi."

"A wane littafi ka gani?"

"A cikin tumakin da na feɗe."

"Umarni ne. In aikin ya fi ƙarfinka, akwai gado a ɗakin jinya."

Mu kuwa rantsuwar biyayya muka yi. Gamel ya durƙusa. Ma'aji na juya baya, Gamel ya ce mini, "Orm, ko ɗaya kar ta sauka."

Gandayen maƙwabtanmu suka bi umarni. Kafin hunturu ya raba, sun binne tumaki ɗari da ashirin. Namu ko tari babu.

Sai ga Serlo a kan alfadari cikin ƙanƙara. Gamel har ya ɗaure 'yan komatsansa.

"Baba, ka saɓa umarni?"

"Na saɓa."

"Kwana uku, burodi da ruwa. Doka ce."

"A ɗakin jinya?"

"Haba Baba, in bar wa Orm tumakin? Wannan da ko inuwarsa ba ya iya kiwo?"

Ya kwance jakarsa, sai ga farin burodi shida, irin na manyan baƙi. Ya zauna a ƙasa kusa da Gamel.

"Uku naka, uku nawa. Ni ma Uban gida, shugaban sufayenmu, ya yanke mini nawa horon kan tumakin da suka mutu. Matsa mini, ka nuna mini yadda ake duba hantar nan."