Katakon Saman Rumbu

Ƙafar Edelmira ta burma cikin bodin motar har gwiwa. Ta hau ne don ta share ganyen da ya taru a ciki, ko tsintsiyar ba ta ɗaga ba katakon ya buɗe a ƙarƙashinta kamar jiƙaƙƙen burodi. Kawunta Nolberto, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya iso da kayan aikinsa na kafinta tun da safe, sai da ya gama dariyarsa tukuna ya miƙa mata hannu.

"To, kin dai gani da ƙafarki," in ji shi. "Babu na ɗauka a nan."

A-kori-kurar ta girmi Edelmira. Da ita mahaifinta, Baldomero, ya yi ta jigilar dankali da tumaki zuwa kasuwar garin Castro, har ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi bara. Tun daga nan motar take tsaye a gefen rumbunsu na katako, ruwan sama na dukanta. Edelmira ta bar aikinta a kamfanin gyaran kifi na birnin Puerto Montt ta dawo tsibirinsu jinyarsa. Dankalin bana ya yi kyau, ita kuma ta gaji da jiran masu mota su ga dama su biyo ta gonar. Bakanike ya riga ya tashi injin, saura daɓen bodi.

Ta ce za ta je wurin masu yankan katako a garin Dalcahue ta sayo sabo. Nolberto ya yamutsa fuska. Ya ce katakon da suke sayarwa yanzu ɗanye ne, yau a sare bishiya gobe a tsaga, ko hunturu biyu ba zai yi a ruwan tsibirin nan ba zai lanƙwashe. Gara ta duba cikin rumbun, tsohon nan ba ya yar da komai, ƙila a dace da busasshe.

Ta hau tsani zuwa saman rumbun, inda rabonta da hawa tun tana yarinya. A can ƙurya, ƙarƙashin tsofaffin buhuna da wata yagaggiyar ragar kamun kifi, ta tarar da wasu katakai a jere, an sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta riƙa ratsawa. Faffaɗa ne, ba tsaga, ba ramin ƙwaro. Ta kankare gefen ɗaya da farce, ƙamshi ya taso kamar jiya aka yanka. Murna ta kama ta. Ta ɗaure ɗaya da igiya ta zuro shi ƙasa tana kiran kawun nata ya tare.

Da ta sauko ta same shi tsaye da hularsa a hannu. Bai taɓa katakon ba.

Sai da ta tambaye shi sau biyu ya yi magana. Ya ce shi da mahaifinta suka tsaga su daga bishiya ɗaya, tun ƙarfinsu na nan. Na mutum biyu ne. Rabi ya tafi da Orfelina, mahaifiyar Edelmira, shi da hannunsa ya haɗa wa yayar tasa akwatin da aka binne ta a ciki. Wannan da ya rage na Baldomero ne.

Edelmira ta zauna a kan taya. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu tana birni, ta iso ta tarar an riga an shirya ta, ba ta taɓa tunanin tambayar inda katakon ya fito ba. Ta miƙe da sauri ta kama igiyar, ta ce wa kawun ya taimaka su mayar kafin Baba ya gani.

Ba su kai ga ɗagawa ba suka ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Baldomero ne a tagar kicin, inda take zaunar da shi kullum kusa da murhu. Yana buga gilashin da kan sandarsa, yana yi musu alama su zo.

Ya ce a fito da shi. Ta ce akwai sanyi, ya sake cewa a fito da shi. Suka ɗauko shi da kujerarsa, ta lulluɓe shi da bargon ulu, suka ajiye shi a gaban katakon. Ya daɗe yana shafa shi da hannunsa mai lafiya.

"Baba, ban sani ba," ta ce. "Yanzu za mu mayar."

Maganarsa ta yi nauyi tun da ya faɗi, sai ya tattaro kowace kalma kafin ta fito. "Wa ya ce ki mayar?"

Ta durƙusa a gefensa. Ta gaya masa ba za ta iya ba. Ciwo ya ƙwace masa mota, ya ƙwace gona, har cokali sai ta riƙe masa wani lokaci. Wannan ne kaɗai abin da ya tanadar wa kansa da hannunsa, ba ita za ta loda buhunan dankali a kai ba.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti kowa raɗa yake yi a gidan nan, maƙwabta in sun zo gaisuwa da sanɗa suke shiga, kamar an riga an kunna masa kyandir irin wanda ake kunna wa gawa. Shi kuma yana zaune a taga, rumbun nan yake kallo daga safe zuwa yamma, ya san abin da ke jiransa a sama. Ya gaji da kallonsa.

"Wancan sabon katakon," ya ce, ya nuna Nolberto da sanda, "da ka ce ba ya hunturu biyu. Shi za ku saya mini in lokaci ya yi. Ba kasuwa za ni da shi ba."

Nolberto ya mayar da hularsa ya ja hanci. "Yayata tana can cikin mai kyau, kai ka je mata a na banza? Ba ka da kunya, tsoho."

"Ta saba. Ranar aurenmu ma da takalmin aro na je."

"Nawa ne ai. Har yau ba ka dawo da shi ba."

Ɓarin bakin Baldomero mai motsi ya ɗaga. Edelmira ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta shige kicin ta ɗora ruwan zafi, ta daɗe a tsaye gaban murhu fiye da yadda ruwan yake bukata.

Kafin ta fito Nolberto ya fara ɓamɓare ruɓaɓɓen daɓen. Ta hau saman rumbu ta zuro sauran ɗaya bayan ɗaya. Da suka gwada na farko a kan ƙarfen motar, kaɗan ya rage ya cika tsawon, Nolberto ya ce ashe tsayin suruki da na motarsa ɗaya ne, shi ya sa suke shiri. Ya goge fuskar katakon, launinsa ya fito kamar zuma. Ita ke riƙewa shi yana hudawa, ta shiga ƙarƙashi ta ɗaure noti.

Baldomero bai bar su sun huta ba. Ya ce a bar 'yar tazara tsakani don ruwa ya sami hanya. Ya ce wancan a juya shi, bayansa aka sa sama. Nolberto ya ce shi fa kafinta ne tun kafin a haifi yarinyar nan, ba ya bukatar direban tumaki ya koya masa aiki, amma ya juya. Da rana ta kawo miyar dankali da kyafaffen kifi, suka ci a waje. Ta lura mahaifinta ya cinye kwanonsa tas da hannunsa, abin da ta manta rabon da ta gani. Ta ƙara masa.

Zuwa la'asar gajimare ya ɗan buɗe. Saura gurbi ɗaya a gefen dama, saura katako ɗaya a jingine da rumbu, wanda ya fi duka faɗi. Baldomero ya yi barci a kujerarsa, haɓarsa a kan bargo.

Nolberto ya matso ya rage murya. Ya ce wannan shi ne aka ware don murfin akwatin. Zai iya ciro wani daga bangon rumbu ya cike gurbin, in an shafa mai ba wanda zai gane. Su mayar da wannan sama a ɓoye, ko ba komai in ranar ta zo Baldomero ya tafi da wani abu na bishiyar da matarsa ke ciki.

Edelmira ta juya ta kalli mahaifinta. Rana ta sauka a rabin fuskarsa, da ɗan maiƙon miya a gemunsa. Ta tsaya tana kallon bargon yana ɗagawa yana sauka.

"Sa shi, Kawu," ta ce.

Ya dube ta, bai yi musu ba. Suka ɗauko shi tare suka kwantar a gurbin, ta danne da gwiwa ya huda, ta shiga ƙarƙashi ta ɗaure noti. Ƙarar ta tashi Baldomero. Ya buɗe ido, ya daɗe yana duban daɓen daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna na ƙarshen.

"A karkace yake."

Nolberto ya rantse ba a karkace yake ba. Edelmira ta ɗauki sifana ta koma ƙarƙashin motar ta fara kwance notin don a daidaita shi.