Kibiyar Koma Baya

Daso ta Mallawa tsohuwa ce da ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale. In tukunya ce sai ta ɗaga murfi, in buhu ne sai ta laluba. To, salula guda ce a gidan, ta autanta Nassirou, kowa da ita yake amfani, har matarsa Amira da aka kawo bara daga Bande.

A cikin salular akwai manhajar asibiti ta duba ranar awo da allurar yara, kowa da lambarsa ta shiga. Jikan Daso ne, Muttaƙa, ya haɗa ta can Magariya.

Wata rana da hantsi Amira ta yi dube-dubenta, ta danna wurin fita, ta ajiye salular bisa tabarma ta tafi rijiya. Daso ta ɗauka. Akwai wata ƴar kibiya a ƙasa mai kallon hagu da ta daɗe tana mata ƙaiƙayi. In mutum ya riga ya fita, baya kuma ina ne? Ta danna.

Sai ga hoton Amira, da zanen mace dafe da ciki, da ƙananan watanni uku jere.

Daso ta kife salular, daɗi da kunya suka haɗe mata. Cikin fari ne, yarinya na ɓoyonsa kamar yadda kowace mace ta yi, sai ya fito da kansa. Ita dai za ta iya kame bakinta. Amma salular nan wurin Harouna mai caji ake kai ta a kasuwa, shi kuwa yatsansa ba ya zama, bakinsa ma haka. In ya gani, kafin la'asar an taya Amira murna a bakin rijiya, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ta sa Nassirou ya kira mata Muttaƙa, sannan ta kore shi zaure.

"Amaryata, kin tuna da ni?" in ji Muttaƙa.

"Maigidan da ba ya cefane. Ni tambaya gare ni. Wannan abu naka, in mutum ya fita, ina yake zuwa?"

"Ya fita ke nan, Kaka. An rufe."

"An rufe, ko an saki labule? Shiga, ka fita, ka danna kibiyar nan."

Ta ji ƙarar danne-danne.

"Ikon Allah. Me kika gani?"

"Ni na ce maka na ga wani abu? Idona ma ba ya gani sosai."

Muttaƙa ya yi dariya, bai ƙara tambaya ba. Ya bayyana mata cewa shafukan kamar tabarmi suke, ana shimfiɗa wata bisa wata. In an fita, shi sabuwa kawai yake ɗorawa a sama, na ƙasa suna nan, kibiyar kuwa ta sama take yayewa.

"To ka riƙa naɗe su duka mana. Baƙo ya tashi a bar shimfiɗarsa?"

"Zan naɗe. In an shiga ma haka zan yi, kada kibiya ta mai da mutum bakin ƙofa. Amma sai jibi gyaran zai iso, kuma sai da caji."

Ranar kasuwa Daso da kanta ta kai salular, ta zauna kusa da ita kamar mai jinya.

"Inna, je ki yi cefanenki, ba mai taɓa ta," in ji Harouna.

"Na sani, ɗana. Inuwarka ce ta yi mini daɗi."

Da gyaran ya iso, ta jira Amira ta duba ta fita, sannan ta danna kibiyar. Manhajar ta rufe ɗif. Ta buɗe, ta sake dannawa, babu hoto, babu watanni. Har ta ɗan ji haushi.

Washegari Amira ta ɗauko taɓarya, Daso ta karɓe.

"Bari, ƴar nan. Dakanki ya cika laushi, hurar ba ta riƙe mini ciki."

Amira ta dube ta, ta sunkuyar da kai. Daso ta zuba hatsi a turmi, tana ƙorafin tsadar wake a kasuwa.