Ɗakin da Malam Datti Ya Kware wa Rufi

Malam Datti na Bunkure ba ya son a ce masa a'a. Yana da ɗaki guda a jikin zaurensa, ya ba Sagiru haya. Shi Sagiru daga Dawakin Kudu ya zo noman rani, ya kama gona a bakin hanyar ruwa, ya shuka shinkafa da tumatir. Ranar da zai shiga, mai unguwa ya ce ba a ajiye ɗan haya a unguwarsa sai an yi rajista. Aka je, aka rubuta, aka sa shaidu cewa Sagiru zai zauna har ya yanke shinkafarsa. Malam Datti ya dangwala yatsa yana hamma.

Sai albasar Malam Datti ta yi kyau fiye da yadda ya zata. Aka cire, aka jibge a tsakar gida, rana tana dukanta. Albasa kuwa in ba ta samu inuwa ba, lalacewa take. Ya duba gidan kaf, babu wurin da ya dace sai ɗakin Sagiru.

"Sagiru, gobe ka kwashe kayanka."

"Baba, shinkafata ko kai ba ta fitar ba."

"Ai ba shinkafar na ce ta tashi ba."

Sagiru ya kai ƙara. Mai unguwa ya kira Malam Datti ya ce wa'adi bai cika ba. Ba shi da ikon korar ɗan haya, ba shi da ikon taɓa kayansa, ba ya kuma shiga ɗakin sai da izininsa.

"Ranka ya daɗe, kwanon da ke sama fa, kayan wa?"

"Naka mana."

Malam Datti bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauko Lukmanu kafinta, aka jingina tsani ta waje, aka kware rufin tas. Ya koma zaure ya zauna yana jiran ya ga Sagiru da ƙullin kaya a ka.

Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, babu ko ɗigon hadari, kowa yana kwana yana juyi saboda zafi. Da safe Sagiru ya fito fuska a sake, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Tun da na zo garin nan ban yi barci irin na jiya ba."

Malam Datti ya galla masa harara. Kafin azahar Sagiru ya yanka tumatir ya shanya a cikin ɗakin. Ga rana, ga katanga ta tare akuya da ƙura. Busasshen tumatirinsa ya fito ja wur, har matan unguwa suna aikowa a gani.

Malam Datti ya sa aka cire ƙofa. Sagiru ya sake zuwa godiya, ya ce yanzu iska ta samu hanyar fita. Akuyoyin da suka shiga suka ci tumatir kuwa na Malam Datti ne, mai unguwa ya sa ya ɗaure su, ya riƙa yanko musu ciyawa da kansa.

Albasa ta fara laushi ta ƙasa. Dole Malam Datti ya kwashe ta ya zuba a ɗakin kwanansa, har ƙarƙashin gado. Wadda ta rage ya nufi ɗakin matarsa Kubra da ita. Kubra ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da muciya.

"Malam, ko guda ɗaya ba za ta shigo ba. Kai ma sai ka yi wanka. Jiya a masallaci an ce sahun da ka tsaya kowa hawaye yake."

Ya tura sauran a ɗakinsa, har ya zama babu inda zai sa ƙafa. Ya gwada zaure, sauro daga gonakin shinkafa suka yi masa taron dangi. Albasa dai ta tsira, mai albasa ne ba shi da makwanci.

Bayan magariba ya naɗe tabarmarsa, ya tsaya a inda ƙofar Sagiru take a da. Ya yi sallama sau biyu ƙasa-ƙasa, kada maƙwabta su ji.

"Wane ne?"

"Ka san ko wane ne."

"A'a, Baba! Lafiya?"

"Zan shigo."

"Baba, izini kake nema ko umarni kake bayarwa? Don in san abin da zan gaya wa mai unguwa."

Malam Datti ya waiga. Ya duba hagu, ya duba dama.

"Izini."

"Bismilla. Ga gidan sauro nan, shiga, ka bi ta bango kada ka taka tumatir. Kuma ba na son minshari."

Malam Datti ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Iska ta kaɗo mai sanyi. Can ya yi gyaran murya.

"Gobe zan turo Lukmanu ya mayar da kwanon."

"A'a, Baba, a bar shi tukuna. Akwai sauran tumatir a gona."