In Ji Maman Sani, Ruwan da Ɗumi

Tun da Maman Sani ya je sitaj, wato kwas na aiki, a Tunisiya shekarun baya, ya tsoma ƙafa a teku har gwiwa, babu wanda ya sake hutawa a danginsu. In ana zancen rijiya sai ya jawo teku. In an ce tafki ya ƙafe, nan ma teku. Ma'aikaci ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Mayahi, ga tumbi ga tabarau, kuma ƙanen marigayi mijin Zara'u ne, saboda haka duk abin da ya shafi 'ya'yan wansa ta bakinsa yake bi. Zara'u ba ta taɓa ƙinsa ba. Amma ranar da ya sauka daga moto, babur ɗinsa, a ƙofar gidanta a Kanan-Bakashe yana washe baki, da ƙyar ta yi masa sannu da zuwa.

Ta san abin da ya kawo shi. Ɗanta Yusha'u ya daɗe yana aikin gini a Aljeriya, daga can ya gangara wani gari na bakin teku. Yanzu ya samu gurbi a jirgin roba, irin wanda ke kwasar samari zuwa Turai. Ya turo saƙon murya ta wayar baffan nasa, domin wayar Zara'u 'yar ƙarama ce, ba ta karɓar irin wannan saƙo. Maganar yaron gajera ce: ba zai sa ƙafa a jirgin ba sai Inna ta yarda. In ta ce a'a, zai koma ga bulo da siminti.

Ita kuwa a'a ce cike da bakinta tun ranar da ta ji. Matsalar ita ce Yusha'u ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Ba ta taɓa yabonsa ko tare masa faɗa a gaban mutane ba. Mace mai kunya ba ta buɗe baki a kan ɗan fari a gaban dangin ubansa, kuma duk garin an san Zara'u da wannan hali, har tsofaffi na nuna ta ga amare. Gaskiya ta daɗe tana jin daɗin wannan yabo.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero ana ɗaurin damma. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro na tsakar gida. Gwaggo Shatu, yayar marigayin, ta zo da sandarta. Danda, abokin marigayin tun suna yara, shi ma ya zo, don ba ya jin ƙamshin miya ya wuce. Zara'u ta sa aka yanka zabo, ta tuƙa tuwo, ta ajiye musu, ta koma gefe ta zauna a kan turmi.

Sai da Maman Sani ya raba zabon nan da cinyarsa sannan ya goge hannu ɗaya a gefen tabarma ya ciro waya.

"To, ku saurara," in ji shi. "Ni ban yin abu da ka, sai na bincika. Ga shi nan Turawa da kansu sun rubuta yadda tekun nan yake, wata bayan wata. Janvier, sanyi, ba a shiga. Avril, rana ta hito amma ruwan na nan da sanyinshi, shina ruɗin baƙo. Août, zahi, ga mutane kamar kasuwar Tasawa. Amma wanga wata da muke ciki, Octobre," ya ɗaga yatsa mai maiƙo, "vingt-trois degrés. Baignade agréable."

"Mi ke nan?" Shatu ta tambaya.

"Wato wanka da daɗi, Yaya. Ruwan da ɗumi, kamar wanda aka surka wa jinjiri."

Ya miƙa wayar aka yi ta zagayawa da ita, har ta iso hannun Zara'u da shatin mai a gilashinta. Ta duba. Turawa ne kwance a kan rairayi, jajaye, sun shafe jiki da mai suna ƙyalli kamar naman da aka jera a tukuba. Babu mai suturar kirki a cikinsu, har da wata tsohuwa sa'ar Shatu. Ba tsiraicin ne ya fi damunta ba, wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Abin da ta lura da shi, a kowane hoto ƙasa na nan kusa da su, ga laima, ga kujeru, ga wani ƙato a kan doguwar kujera yana gadinsu. Wanda ya fi kowa nisa a cikin ruwan bai wuce ƙirji ba. Mutane ne da suka ci suka ƙoshi, suka zo su jiƙa jiki su koma ɗaki. Ba ta yi lekol ba, ba ta san boko ba, amma ta san wanda ya rubuta abin nan bai rubuta shi don ɗanta ba.

Ta mayar da wayar, ta goge hannunta a zane.

"Iska hwa?" in ji Danda, yana tsotsar ƙashi. "An ce iskar can ba ta da kyau."

"Sun hwaɗi wannan ma. Ɗan hadari jehi-jehi ƙarshen wata. Cewa suka yi mutum shi riƙe 'yar riga mai kauri saboda marece. Shi ya sa nike so shi tahi yanzu, kahin Novembre ta shigo ruwan shi huce." Maman Sani ya gyara tabarau. "Kuma ko da an ce jirgi ya ɗan yi gardama, yaron da ya yi kolej a Tasawa? Kullum damina shina cikin tafki. Ya iya ruwa kamar kwaɗo."

Zara'u ta san tafkin da ake magana. Ta sha wucewa ta bakinsa in ta kai ƙuli-ƙuli kasuwa. Ruwa ne kore, ga ledoji, ga kashin jakai, shanu na tsaye a tsakiyarsa suna jiƙa ciki. Da wannan ake auna tekun da aka ce ba a hango ƙarshensa. Ta ji kamar ta tashi ta kife masa kwanon miyar a ka, amma ko motsi ba ta yi ba.

Daga nan zancen ya bar teku ya koma inda dama can yake son zuwa. Shatu ta ce ɗakinta na yoyo, in yaro ya isa lafiya kwano zai fara sa mata, don ita ta yi masa wankan jarirai. Danda ya ce ɗan wane na Attantane da ya ƙetare har ya kai uwarsa Makka. Maman Sani bai faɗi nasa ba, amma kowa ya san filin da yake da shi a Mayahi wanda ya ƙi ginuwa. Suna magana suna fasa ƙashi suna zuƙe ɓargo, miya na gangarowa a gemun Danda. Zara'u ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ji ƙyamarsu har cikin ranta. Da ragon layya ne ma da sun fi haka tausayi, ko ba komai shi ana shafa masa baya.

"To, matar yaya," in ji Maman Sani, ya juyo yana murmushi. "Kin ji dai komi. Mi kika ce?"

Zara'u ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ku ne iyayenshi," ta ce.

Abin da kowace uwa mai mutunci za ta faɗa ke nan, kuma kowa a wurin ya san ba amsa ba ce. Yadda ake yi, sai babbar mace ta bi uwar zuwa madafa, su biyu kaɗai, ta ji ainihin abin da ke ranta, ta dawo ta gaya wa maza da bakinta. Wannan aikin Shatu ne. Zara'u har ta yunƙura za ta tashi don ta ba ta hanya. Amma Shatu na can tana auna faɗin ɗakinta da sanda a ƙasa, shi kuwa Maman Sani ya riga ya kai waya baki.

"Yusha'u, Baba Sani ne. Ga mu dut a gida. Innarka ta yarda, ta sa maka albarka. Na bincika, ruwan da ɗumi, kada ka ji komi. Allah shi kiyaye hanya."

Danda ya ɗaga hannu ya ja Fatiha. Zara'u ta ga hannayenta sun tashi tare da na kowa, ta shafa tare da kowa. A duk abin da ya faru ranar, wannan ne ya fi ba ta ƙyama.

Maman Sani ya hau moto ya ce zai leƙa gona ya ga masu ɗaurin gero kafin ya koma Mayahi. Danda ya tafi yana sakace. Zara'u ta kwashe kwanoni ta shiga madafa, tana wanki tana cizon leɓe. Can sai ga Shatu ta shigo, amma ba don abin da ya kamata ba. Sauran romon ta zo nema, a zuba mata ta kai wa jikoki.

"Yaya," in ji Zara'u, "ni hwa ban yarda ba."

Shatu ta yi dariya ta dafa kafaɗarta. "Haba Zara'u. Dut uwa haka take ji. Ke dai Allah ya yi maki kunya, yau ma kin hidda mu kunya." Ta ɗauki romonta ta fita.

Zara'u ta tsaya da kwano a hannu. Sai ta ajiye shi ba ta ɗauraye ba, ta zura takalmi, ta kama hanyar gona. Rana na tsaka, hanyar duk rairayi, ƙarangiya na kama mata zane ba ta tsaya cirewa ba. Matan da ta gamu da su suna dawowa da itace suka gaishe ta, ta amsa ba ta dube su ba.

Ta tarar da shi a inuwar wani gawo, ya cire takalmi, yana ba masu ɗaurin gero labarin otal ɗin da ya sauka a Tunisiya.

"Maman Sani, kira mani yaron nan."

"A'a, matar yaya da kanta cikin rana? Kwantar da hankalinki, ai har ya maido amsa. Dama zan biyo in jiyar da ke."

Ya danna. Da farko iska ce kawai ke bugun wayar, fuu fuu, kamar ana fifita wuta. Sannan muryar Yusha'u ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Baba Sani, na ji. Wallahi ni na ɗauka Inna ba ta yarda, har na ɗaure kayana in koma wurin aiki. Da ta ce a'a ma ban jin haushi, don tekun kwanan nan ba shi da kyaun gani, wasu sun hwasa. Amma tunda ta sa albarka, shi ke nan, na samu ƙarhi. Motar da za ta kai mu bakin ruwa ta zo, sun ce kowa shi kashe waya. Ka ce mata na gode. Ka ce ta yahe mani."

Masu ɗaurin gero suka daina aiki. Zara'u ta fizge wayar daga hannunsa, abin da ba ta taɓa yi wa namiji ba.

"Ina ake dannawa?"

Ya nuna mata, bakinsa a buɗe. Ta kai wayar baki, a gaban ƙanen mijinta da ƙartin gona, ba ta rufe fuska ba.

"Ni ce. Ban yarda ba. Ban ce na yarda ba, ba a tambaye ni ba. Ka sauko daga motar nan ka komo."

Ta saki. Maman Sani ya leƙo ya dubi gilashin, ya daɗe yana dubawa.

"Bai shiga ba tukuna," ya ce. "Wataƙila rezo ne, layin waya ba shi da ƙarhi." Ya share gumi, ya miƙo hannu. "Kawo in nuna maki wurin da suka rubuta, ki gani da idonki. Vingt-trois..."

Zara'u ta juya gefe ta tofar da yawu. Ba ta ba shi wayar ba. Ta zauna nan cikin karan gero, cikin rana, ta ɗora ta a cinya, ta ce ya nuna mata alamar da ke fitowa in saƙo ya isa.